Dutse yana gargaɗi kafin ya zubo, mu ne ba mu koyi sauraro ba

A watan Afrilun da ya wuce ɗan ƙanwata da ke karatu a Grenoble ta ƙasar Faransa ya kira ni ta bidiyo, ina zaune a ƙofar shago a New Bell, zufa na tsiyaya. Na ga yana haɗa jaka da igiya da wani ƙaramin shebur. Na ce, "Kai kuma ina za ka da daren nan?" Ya ce gobe za su hau dutse da abokan karatunsa, ƙarfe huɗu na asuba za su tashi, kuma dole ƙarfe goma sha ɗaya ta yi musu a ƙasa. Na yi dariya na ce, mutumin da a gida sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, yau dusar ƙanƙara ce ta koya masa sammako?

Ya ce, "Kawu, ba wasa ba ne. Yanzu ne lokacin da dutse ya fi yaudara." Sai ya yi mini bayani, kuma tun ranar bayanin bai bar kaina ba. Mu dai ba mu da dusar ƙanƙara a Duwala, ba kuma za mu yi ba. Amma muna da ƙasa mai zaftarewa, muna da hanyoyin dutse da muke bi neman abinci, kuma mun binne mutane da yawa ta dalilinsu. Abin da nake so in faɗa a wannan shafi shi ne: mutanen can sun mayar da karanta haɗari al'ada ta kullum, mu kuwa sai bayan jana'iza muke tunawa da shi. Wannan abu ne da za mu iya gyarawa da kanmu, tun kafin hukuma ta motsa.

Ga yadda abin yake a wurinsu. Duk tsawon hunturu dusar ƙanƙara tana sauka a tsaunukan Alp hawa-hawa, kamar yadda ake jera buhuna a bayan kamiyo. Wani hawan ya kama ɗan'uwansa da kyau, wani kuma yana kwance ne kawai a kan mai santsi. Idan sanyi ya fara ja da baya, daga Maris zuwa Mayu, rana takan narkar da saman da tsakar yini, ruwan ya tsiyaya ciki ya jiƙa hawan da ke ƙasa. Idan dare ya yi garau babu gajimare, saman zai sake daskarewa ya yi tauri, da sassafe mutum zai taka lafiya. Wurin da ya taka lafiya da ƙarfe bakwai, shi ne zai iya tsinkewa da shi da ƙarfe ɗaya na rana.

Shi ya sa kafin su fita suke tambayar kansu: jiya da dare ya daskare ko bai daskare ba? An yi ruwa a kan dusar? Wane gefen dutse rana ke fara bugawa? Gefen gabas ne ke fara laushi, sai kudu, sai yamma. Idan takalmi ya fara nutsewa ya wuce idon sawu, ko aka ga ƙananan dunƙule suna gangarowa da kansu, to lokaci ya ƙure, a juya. Sun san cewa mafi yawan zaftarewar tana tasowa ne a gangaren da tsayuwarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, kwatankwacin matakalar bene. Idan ya zama dole a ratsa irin wannan wuri, ɗaya bayan ɗaya ake ratsawa, sauran su tsaya nesa suna kallo, don in ta rufta da ɗaya a samu masu tono. Kuma sun san lissafin tonon: wanda aka ciro cikin kwata na farko na awa, galibi yana rayuwa, bayan kamar minti 35, kusan uku cikin goma ne kawai ke fitowa da rai.

Bayan haka akwai sanarwar hukuma. Tun 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni guda mai mataki biyar, daga 1 mai sauƙi zuwa 5 mai tsanani ƙwarai. A Suwizalan, cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos tana fitar da sanarwa safe da yamma a lokacin hunturu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kusan rabin waɗanda ke mutuwa suna mutuwa ne a mataki na 3. A mataki na 5 kowa ya ga bala'i da idonsa ya zauna a gida. Mataki na 3 shi ne ranar da gari ya yi kyau, rana ta fito, mutum ya ce ai babu komai.

Yanzu mu dawo gida mu duba ranakun da ƙasa ta ci mutane a Kamaru a 'yan shekarun nan. Daren 28 wayewar 29 ga Oktoba 2019, unguwar Gouache a Bafoussam, mutum 43, da yawansu yara suna barci. Ranar 27 ga Nuwamba 2022, unguwar Damas a Yawunde, gefen tudu ya rufto wa mutane suna zaman makoki a ƙarƙashin rumfuna, fiye da goma suka rasu. Ranar 8 ga Oktoba 2023, Mbankolo a Yawunde, bayan ruwa mai ƙarfi bangon wani tsohon tafki ya fashe, laka ta share gidaje, kusan mutum 30. Ranar 5 ga Nuwamba 2024, gangaren Dschang da muke kira Falez, a kan hanyar da ta sauko Santchou. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Ku dubi watannin: Oktoba, Nuwamba, Oktoba, Nuwamba. Ban ce ba ta zaftarewa a wasu watanni ba, don a Yunin 2001 ta ci fiye da mutum ashirin a Limbe. Amma akwai dalilin da ya sa ƙarshen damina ya fi muni. Ƙasa kamar soso take. Ruwan farkon damina tana shanye shi ta riƙe. Bayan wata biyar, shida, babu sauran gurbi a cikinta. Ta yi nauyi, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinta kuma ya rage musu kamun juna. Daga nan ruwan dare ɗaya ya isa, wani lokaci ma ba a yi ruwa a ranar ba. Kuma daidai lokacin ne hankalinmu ke kwanciya, muna cewa damina ta tafi, an fara ganin rana, a ɗaura kaya a kama hanya. Wannan shi ne mataki na 3 namu. Su ƙarshen hunturu ke yaudararsu, mu ƙarshen damina.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan New Bell da wannan? Unguwarmu shimfiɗe take, matsalarmu ambaliya ce da kwatoci da suka toshe. Gaskiya ne. Amma a gidan wa babu direba, ko karen mota, ko mai sayo tumatir da kabeji da dankali daga yamma? Hanyar Nkongsamba, Melong, Santchou zuwa Dschang, da ta Bafang zuwa Bafoussam da Foumban, ai mu ne a kansu dare da rana. 'Yan'uwanmu na Briqueterie a Yawunde suna zaune ne a garin tuddai. Sannan a nan Duwala, tsadar haya ta kori 'ya'yanmu da suka yi aure zuwa bayan gari, wajen su Logbessou da PK da Nyalla, inda fili mai arha shi ne wanda ke bakin kwari ko a jikin gangare. Garin nan yana shan ruwan da ya kusa mita huɗu a shekara. Na watan Agusta kaɗai ya fi abin da Maraɗi ke samu a shekara guda. Wanda ya sare gindin tudu ya kafa ɗaki a ƙarƙashin irin wannan ruwa, ya kamata ya san abin da ya kwanta a ƙarƙashinsa.

Abin da ya faru a Falez ya fi komai tsaya mini a rai, domin sau biyu ƙasa ta zubo a ranar. Ta farko ta toshe hanya. Aka kawo manyan injina suna kwashewa, motoci suka yi layi, masu babur da fasinjoji suka matso suna jiran a buɗe. Bayan 'yan sa'o'i ta biyu ta zubo a kansu, ta binne injinan da motocin fasinja, fiye da mutum goma suka rasu. Irin haka ta faru a lardin Van na ƙasar Turkiyya a Fabrairun 2020: dusar ƙanƙara ta binne ƙaramar motar fasinja, washegari ta sake zubowa a kan ɗaruruwan masu aikin ceto, jimilla fiye da mutum 40 suka mutu. Masu hawan dutse suna da ƙa'ida a kan wannan: gangaren da ya zubo sau ɗaya ya gaya maka halinsa, sauran da ke sama ya rasa abin da ke tokare shi.

Ba zan ɗora wa kowa laifi ba sai na fara da kaina. Shekarun baya, a wani watan Oktoba, ina dawowa daga yamma da kwandunan tumatir, muka tarar ƙasa ta ɗan zubo ta rufe rabin hanya. Duk muka sauko muka tsaya daidai gindin wurin, muna kallo, wasu suna sayen ayaba. Ƙananan duwatsu suna gangarowa jifa-jifa, ruwa ja yana fitowa daga jikin bangon. Direban, dattijo ne, ya ce mu koma baya mu kwana. Wallahi ni ne na fi kowa ɗaga murya. Na ce masa, "Baba, tumatir ba ya jiran tsoro, in ya ruɓe kai za ka biya?" Muka matsa masa har ya ratsa. Muka wuce lafiya, na yi shekaru ina ba da labarin a matsayin jarumtaka. Sai da na ga hotunan Falez na gane cewa rannan ban yi dabara ba, sa'a kawai na taka, kuma na sa rayukan mutum goma sha a kan kuɗin tumatir. Dattijon nan ya karanta dutse daidai, ni na hana a saurare shi.

Alamomin ba boyayyu ba ne, kuma ba sai mai digiri ba. A gida: sabuwar tsaga a ƙasa ta saman gangare, musamman mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, tsagar bango da ke ƙara faɗi, ƙofa ko taga da ta fara cijewa ba dalili, falwaya, katanga ko bishiyar ayaba da ta fara karkata, ruwa da ke ɓuɓɓugowa inda da ba ya fitowa, ƙasa da ta kumburo a gindin tudu. A hanya: tsakuwa na gangarowa, kwalta ta tsage ko ta zauna a gefe ɗaya, ruwan rafi ya koma laka farat ɗaya, ko kuma ya ragu alhali ana ruwa, wanda ke nuna wani abu ya tare shi a sama. Da dare kuma ƙarar karyewar itace ko gurnani kamar na babbar mota daga nesa. Tsagar bango tana da gwaji mai sauƙi: a shafa ɗan siminti a kanta, ko a ja layi da fensir a rubuta kwanan wata. In simintin ya tsage cikin kwanaki, gidan yana tafiya.

Idan kuwa ta taso, gefe ake gudu, ba a bin gangare ƙasa, don ta fi ka sauri. Ba a komawa ɗauko talabijin ko takardu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa kubik mita ɗaya ta kusa tan biyu, kuma laka ba ta barin gurbin numfashi kamar yadda dusar ƙanƙara kan bari. A kira 'yan kwana-kwana a 118. Masu tono su sa mutum ɗaya a gefe wanda ba shi da aiki sai kallon sama, da usur a bakinsa, 'yan kallo kuma a kore su nesa.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a majalisa bayan la'asar. Na farko: ajali in ya yi kira babu makawa. Babu musulmin da ke jayayya da wannan. Amma malamanmu ne suka karantar da mu labarin mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, da labarin Sayyidina Umar da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke. Babu wanda ya kira shi matsoraci. Mu da muke kulle shago da kwaɗo uku ba mu bar wa ƙaddara kayanmu ba, don me sai rayukan 'ya'yanmu za mu bar mata?

Na biyu ya fi ƙarfi: ina talaka zai je? Wanda ya gina a bakin kwari ba don sha'awa ya yi ba. Kuma mutane da yawa suna ganin tsaga su yi shiru, don tsoron in suka kai magana meri, abin da za su samu shi ne jan fenti a bango da katafila, ba wani matsuguni. Wannan tsoro yana da tushe, kuma muddin amsar hukuma ita ce rusau kawai, mutane za su ci gaba da ɓoye haɗarin da suke kwana a kai. Amma a lura, darasin masu dusar ƙanƙara bai ce a bar dutse har abada ba. Cewa ya yi a san ranar da sa'ar da ba a zama a ƙarƙashinsa. Iyali ba sai sun bar gidansu ba kafin su kwana uku a wurin dangi a makon da aka jera ruwa. Mu da baƙo ke sauka gidanmu wata guda ba a tambaye shi yaushe zai tafi ba, kwana uku ba za su gagare mu ba.

Na uku: Turawa suna da kuɗi da na'urori. Suna da su. A watan Mayun 2025 masana a Suwizalan suka ga dutsen da ke saman ƙauyen Blatten yana motsi, aka kwashe mutanen ƙauyen kusan 300 ranar 19 ga wata, har da dabbobinsu, wata saniya ma da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke ta. Ranar 28 ga wata dutse da ƙanƙara suka binne kusan duk ƙauyen. Mutum ɗaya ya rasu. Na'ura ta taimaka, ba shakka. Amma abin da ya ceci mutanen shi ne an faɗa musu cikin harshen da suke ji, sun yarda da mai faɗar, kuma akwai inda za su. Waɗannan ukun ba a sayo su daga waje.

Mu ma ba a ce babu sanarwa ba. Hukumar ONACC mai lura da sauyin yanayi tana fitar da hasashe duk kwana goma, tana ambaton yankunan da ake fargabar ambaliya da zaftarewar ƙasa. Akwai hukumar hasashen yanayi a ƙarƙashin ma'aikatar sufuri, akwai sashen kare fararen hula a ma'aikatar harkokin cikin gida. Amma sanarwar tana fita ne da Faransanci da Turanci, cikin dogon rubutu, a inda direban kamiyo ba ya leƙawa. Ku tambayi mutum goma a tashar mota ko a kasuwar Nkololoun ko sun taɓa jin ta. Sanarwar da ba ta isa kunnen mai tafiya ba, da ita da babu duk ɗaya.

Don haka ga abin da nake roƙo, kuma na fara da namu. Matasanmu da suka yi boko, mutum biyu ko uku sun isa: duk lokacin da sanarwar ta fito, ku taƙaita ta cikin minti ɗaya da Hausa da Fulatanci, ku tura da murya ta WhatsApp zuwa zaurukan direbobi da 'yan kasuwa. Ku sa mata launi uku kawai, kore, rawaya, ja, kowa zai gane. Limamai su ba da minti biyu bayan sallar Juma'a daga Agusta zuwa Nuwamba. Sarakunan Hausawa da shugabannin kartiye su san gidajen jama'arsu da ke jikin gangare, su san tun yanzu gidan da kowane iyali zai kwana in dare ya yi muni. Mai shirin sayen fili ya je ya gan shi a watan Agusta ana tsakar ruwa, kada ya je a Janairu. Ya dubi abin da ke samansa, ya tambayi inda ruwan kwanon maƙwabta da na masai ke bi.

Ƙungiyoyin direbobi da masu ajans su yi ƙa'ida a rubuce: in ƙasa ta zubo a hanya, motoci su tsaya nesa inda babu bango a sama, fasinja ba ya sauka ya matso kallo, kuma direban da ya juya saboda alamar haɗari ba za a cire masa ko dala ba. Mu masu kaya mu yarda asarar ta hau kanmu tare. Muddin direba ya san juyawa na nufin rasa aikinsa, zai ratsa, ko da ya ga dutsen yana motsi.

Ga hukuma kuwa, abu biyu. A sa mutane masu ikon rufe hanya a wuraren da kowa ya sani, irin su Falez, a lokacin ruwa, kuma in an rufe a rufe wa kowa, ba a buɗe wa mai sefa dubu biyu ba. Sannan a raba maganar gargaɗi da maganar rusau, don wanda ya ga tsaga ya zo ya faɗa ba tare da fargabar ya kira wa kansa katafila ba.

Washegarin wayar nan na sake kiran yaron in ji yadda hawan ya kasance. Ya ce ba su hau ba. Sun isa gindin dutsen da asuba suka tarar dare ya yi gajimare, saman bai daskare ba, jagoransu ya taka ya ga ƙafarsa ta nutse, ya ce a koma. Tafiyar awa biyu a mota, kuɗin mai, barcin da aka katse, duk a banza. Na ce ba wanda ya yi gardama? Ya ce, "Kawu, wa zai yi? Dutsen yana nan mako mai zuwa."

Na tuna dattijon direban nan da na ɗaga wa murya. Ban san ko yana raye ba. In wannan rubutu ya kai ga wani nasa, a gaya masa shi ne mai gaskiya, kuma ina neman afuwarsa. Damina tana tafe. Allah Ya kai mu ƙarshenta lafiya, mu da iyalanmu da duk wanda ke kan hanya.